Ƙurar da Ke Haihuwar Taurari

Daga Maiyama, bakin sabuwar hanya, ranar Lahadi, shekara ta ashirin da uku da shigowar Nasara.

Zuwa ga Tabawa ɗiyar Malam Arzika na Aliero, matata, hasken ɗakina, sanyin randata a tsakiyar bazara! Ya ke inuwar tsamiya da matafiyi ke hangowa ya ƙara sauri, ya ke farar balbela a bakin gulbin Jega, ya ke ruwan farko mai tayar da ƙamshin ƙasa! Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da nauyin da kike ɗauke da shi kuna lafiya, haka Baba da Goggo Adama.

Ki yi haƙuri da karkacewar ajamin nan, dariya ce ta hana ni daidaita layi. Kwana uku ke nan ina dariya ni kaɗai. Shekaranjiya na ja sarƙar awo na nufi gabas alhali yamma aka ce, jiya na kafa turke a tsakiyar gonar mutane, yau da safe kuwa na yi wa kututture sallama har na tsaya jiran amsa. Abokan aikina sun fara raɗe-raɗin a nemo mini rubutun sha. Ba su san lafiyata lau ba, abu na gani a sama, kuma duk duniya ke kaɗai nake so in faɗa wa.

Kin san Baturen da nake ja wa sarƙa, mai awon hanya, wanda muke kira Mai-Ƙafa-Uku saboda sandunan da yake kafa madubinsa a kai. Ban da madubin aiki yana da wani dogo da yake ɓoyewa a akwati, na kallon taurari. Ranar Alhamis bayan na idar da magariba, sararin sama ya wanke tas, sai ya yafuto ni ya ce in rufe ido ɗaya in leƙa. Ya saita shi kusa da taurarin nan uku da ke jere, waɗanda kika taɓa ce mini sun yi kama da tsagar kumatun Goggo. Na leƙa. Tabawa, wani farin hayaƙi na gani shimfiɗe, yana da fukafukai, a tsakiyarsa ƙananan taurari huɗu suna ƙyalli, a gefensa kuma wani baƙin wuri ya kutso cikinsa. Na ce masa nan kam sama ta huje, babu komai.

Ya yi dariya har lofen tabarsa ya faɗi. Da Hausarsa mai ɗingishi ya ce wurin nan da na kira fanko ya fi ko'ina cika. Wai gajimare ne na iska da ƙura, ba irin na damina ba, wanda faɗinsa ya fi ƙarfin mahayin doki ko da zai yi ta sukuwa har jikokin jikokinsa su tsufa. Sanyi gare shi da duhu, don ƙurar ta yi kauri ta tare haske. To a cikin duhun nan, in ji shi, kowace ƙwayar ƙura tana jan 'yar'uwarta. Sannu sannu sai su taru, su dunƙule, dunƙulen ya ƙara nauyi ya ƙara jawo wasu, ya fara juyawa. Yana juyawa yana matsewa, yana matsewa cikinsa yana ɗaukar zafi, shekaru dubu bisa dubu ba mai gani, har ranar da zafin ya kai maƙura tsakiyar ta kama da wuta. Shi ke nan, an haifi tauraro! Sa'an nan jaririn da kansa yake kore ƙurar da ta rene shi da ƙarfin haskensa, mutanen ƙasa su ɗaga kai su gan shi. Ya ce ba a haihuwarsu ɗai-ɗai, gajimare guda kan zuba su da yawa, har ma taurarin Kaza da 'Ya'yanta yana zaton ciki ɗaya suka fito. Ya ƙara da cewa malamansu na can suna ta gardama a kai, ba su gama sani ba. Na ce masa Wanda ya yi su ya sani, kuma hakan bai rage mini mamaki ba ko kaɗan.

Shin kin san abin da ya faɗo mini yana cikin bayanin nan? Ke! Ke a tsakar gidanmu na Jega, watanmu biyu da aure, kina shiɓar auduga. Kin tuna? Auduga ta tashi ta lulluɓe ki, ta sauka a girarki da bakin kallabinki, kika yi atishawa sau uku, na fashe da dariya, kika jefe ni da alli. Daga nan kika ɗauki mazari kika murza. Ina kallo abin da ke watse kamar ba zai taɓa haɗuwa ba ya riƙa bin juyin nan yana shiga, yana taruwa a gindin mazari har ya yi jiki. Ashe aikin sama kike yi a gabana ban sani ba! Bature ya ƙetaro teku da akwatin ƙarfe don ya nuna mini abin da matata ke yi kowace hantsi da yatsu biyu. Da na faɗa masa haka ya rubuta a littafinsa, ni kuwa na koma bayan tanti na yi ta tsalle.

Amma ba don in ba ki labarin sama kaɗai na roƙi tawada ba. Ummaru mai jakai, wanda zai miƙa miki takardar nan, ya zo mini da magana daga Aliero, kuma ta soke ni. Ya ce Baba ya faɗa a majalisa cewa wanda ya bi Nasara ba ya waiwayen gida, don haka in kin sauka kin gama wankan arba'in ba za ki koma Jega ba. Wannan ban ji zafinsa sosai ba, uba ne, ɗiyarsa yake tsaro. Abin da ya hana ni cin tuwo shi ne da Ummaru ya ce an tambaye ki kin yi shiru, daga baya kika gaya wa Goggo wai kin duba zuciyar Kalilu ba ki ga kowa a ciki ba, ke ko abin da ke cikinki.

Na san ranar da kika duba. Ranar da Goggo ta zo da jaki ɗaukar ki goyon ciki, ina zaune a zaure tsakanin mahaifina da ƙannensa biyu. Kika fito lulluɓe, kika ɗan tsaya a bakin ƙofa, tsayuwar da ni kaɗai na san ta wuce ƙa'ida. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina gyaran igiyar takalmi wadda ba abin da ya same ta. Da na buɗe baki, me na ce? Na tambaya ko an shayar da jakin. Jaki, Tabawa! Matata za ta tafi da cikin fari, ni ina tambayar ƙishin jaki! Bayan kun wuce dattawa suka yi ta sa mini albarka, wai yaro mai kunya, ya san ɗan fari ba abin rawar kai ba ne, bai ko ɗaga ido ba. Na karɓi yabon na shiga ɗakinki, na zauna a inda kike ajiye mazari har la'asar ta kusa wuce ni. Ba wanda ya ba ki wannan labarin, na jakin kawai kika tafi da shi.

To ga abin da ya sa nake dariya kwana uku. Na yi wata biyu ina neman yadda zan fahimtar da ke, harshena ya kasa, sai ga shi an rubuta mini a sama. Wurin da na leƙa na ce fanko ne, nan ake ƙera taurari. Ke ma kin leƙa fuskata ranar nan kin ga duhu, kin ce ba kowa. Wallahi kunya ce ta yi kauri ta tare haske! A bayanta tun ranar da kika raɗa mini cewa wata ya wuce ki, komai nawa yake taruwa wuri ɗaya, yana juyawa, yana matse ni, yana zafi. Ina jan sarƙa ina tunanin ko zai ɗauko goshinki. Ina cin abinci ina tunanin ko kina iya ci. Na sayi ɗan zane mai saƙi a kasuwar Jega na ɓoye a ƙasan jakata, ko mahaifiyata ban nuna wa ba. Ina son ki, ina murna da cikin nan, murnar da ta kusa fasa mini ƙirji. Ga shi na rubuta, ƙasa ba ta tsage ba.

Ai ke ɗiyar manomin albasa ce, bai kamata in wahala wajen bayani ba. Wa ya taɓa ganin kan albasa yana taruwa? Ganye kawai ake gani a sama, shiru, kamar ba a yin komai, alhali a ƙasa ɓawo na hawa kan ɓawo. Da Baba zai yi mini adalcin da yake yi wa fadamarsa, da bai yanke mini hukunci tun ban nuna ba. Kuma ke kanki yanzu me kike in ba wannan gajimaren ba? Duhu mai albarka, wanda wani ɗan haske ke dunƙulewa a ciki, yana juyi, yana harbin ki da ƙafa! Ummaru ya ce kin yi nauyi, tafiya sai a hankali. Kaito, ni da ban gani ba! Wace hanya ce ta kai a auna ta, in mai awon bai ga matarsa tana tafiyar agwagwa ba?

Yanzu ki saurara da kyau, zumar bakina. Ranar Asabar mai zuwa Mai-Ƙafa-Uku zai naɗe tanti ya yi kudu, wajen Yauri. Ya ce in bi shi, zai ɗora ni a kan masu sarƙa duka, kuma in damina ta zo ta wuce zai nuna mini wasu gajimaren da suka fi wannan girma. Ba zan ɓoye miki ba, raina ya biya. Tun da nake ban taɓa ganin abin da ya girgiza ni kamar na cikin madubin nan ba, kuma na san in ya tafi da akwatinsa ba zan ƙara gani ba har in mutu. Na kwana biyu ina juya maganar. Jiya na miƙa masa sarƙarsa na ce ya nemi wani. Ya tambayi dalili, na ce su taurarinsa sai an yi shekaru dubbai suna jiran haihuwa, nawa kuwa saura wata ɗaya.

Ranar Laraba, ranarki, zan taso da ƙafa, in biyo ta Danwarai, in Allah ya yarda in iso Aliero kafin azahar ta Alhamis. Na san ba a yi. Na san mai jiran ɗan fari ba ya zuwa gidan surukai yana baza baki, sai dai ya aiko da itacen wanka ya noƙe a gida. Itacen ma zan kawo, a kaina. Amma zan durƙusa a zauren Baba, ko da malamai, ko da masu sayen albasa, in faɗa da bakina cewa na bar aikin Bature, ina kewar matata, ina ɗokin abin da za ta haifa, kuma ina roƙon a mayar mini da su bayan arba'in. Za a ce Kalilu ya zubar da kunya. Za a kai labarin Jega kafin in koma, ƙannen mahaifina su janye albarkar da suka sa mini saboda jaki. Duk na sani, amma dariya nake yi.

Ban san abin da Baba zai ce ba. Ke kaɗai nake roƙo, ya sanyin idona: in an sake tambayar ki, kada ki yi shiru irin nawa, na ɗanɗana na ji abin da yake jawowa. Ba zan iya wuce zaure in gan ki ba, kin sani. To ranar Alhamis ki matso da tabarmarki kusa da katanga ki kasa kunne. In kin ji zauren Baba ya yi tsit, sa'an nan aka kwashe da dariya har da tafa hannu, ni ne, na faɗa.

Naki tun kafin in iya faɗa, naki har ranar da za a naɗe sama da taurarinta,

Kalilu