Kason da Aka Ce In Bar wa Wuta-wuta

Talata, 30 ga Mayu, 2023

Da sunan Allah nake buɗe wannan littafi. Ni ne Malam Jafaru Sabo na Fagam, wanda ya zo na biyu a ajin yaƙi da jahilci na bana, kuma da malaminmu ya duba da kyau, da na ɗaya na zo. Dalilin rubutun shi ne, yau mai unguwa ya kawo mini wata mata daga Birnin Kudu, Malama Munawwara, wai mai binciken noma ce. Tana neman aron gefen gonata ta bakin hanya, damina ɗaya, domin gwajin maganin wuta-wuta, ciyawar nan mai shanye dawa tun daga saiwa. Na amsa saboda idon mai unguwa. Amma duk gonakin Fagam, me ya sa tawa? Ta ce don tawa ta fi kowacce wuta-wuta. A gaban mutane ta faɗa.

Talata, 6 ga Yuni

Ta zo da igiyar awo da turaku masu jan fenti, ta raba wurin kashi huɗu. Ta kuma ɗebi ƙasata a leda ta rubuta lamba a jiki. Ba a ɗibar ƙasar gonar mutum a banza. Wannan ko wanda bai shiga aji ba ya sani.

Barau taubashina, wanda muke iyaka da shi, ya tsaya a kan kekensa ya ce, "Jafaru, asibiti za a gina ko gidan mai? In gidan mai ne ka sa baki a ɗauke ni gadi." Na ƙyale shi, amma maganar ta zauna mini. Yayan matata Kaltume, can gabas, da jan turke aka fara masa. Yau gonarsa tana cikin shingen wani kamfani.

Talata, 13 ga Yuni

An yi shuka. Kashi na ɗaya sabon irin dawa. Na biyu dawata da waken suya. Na uku dawata da taki. Na huɗu, wanda ke daidai bakin hanya, dawata tsura: kada in zuba taki, kada in tuge wuta-wuta ko ɗaya. Na nemi dalili cikin ladabi. Ta ce, "Baba, shi ne ma'auninmu. In babu wanda aka bari haka, da me za mu gane sauran sun yi aiki?"

Na yi nazari mai zurfi, ga abin da na gano. So ake wurin ya lalace a idon jama'a, a ɗauki hoto, a kai ofis a ce Jafaru ya kasa riƙe gonar ubansa. Daga nan sai takarda.

Asabar, 8 ga Yuli

Kashi na huɗu ya fara rawaya. Masu wucewa kasuwa suna rage tafiya.

Alhamis, 13 ga Yuli

Barau ya ce, "Malam mai biro, ashe boko ma yana cin dawa?" Har da tafa hannu.

Na ɗauki mataki. Bayan azahar na kai mangala uku ta takin awaki, na binne a gindin kowace shuka, na rufe da ƙasa yadda ido ba zai gani ba. Wannan ba ha'inci ba ne. Gonata ce.

Lahadi, 13 ga Agusta

Wuta-wuta ta fara leƙowa. Kowace safiya ina tuge ta kashi na huɗu in cusa a buhu. Sauran ukun ban taɓa su ba, domin ni mutum ne mai cika alkawari.

Talata, 5 ga Satumba

Malama ta zo ta durƙusa tana ƙirga wuta-wuta layi-layi. A kashi na huɗu babu ko ɗaya, dawarsa kuma ta fi kowacce tsayi. Na tsaya ina jiran ta fusata, tunda shirinsu ya rushe. Sai ta zauna a kan kunya ta yi tagumi. Ta tashi ta sake ƙirgawa.

"Baba, akwai mai shigowa nan?"

Na ce albarka ta Allah ce. Ban yi ƙarya ba.

Ta ce in takardarta ta nuna inda ba a taɓa ba shi ya fi kyau, manyanta za su ce Fagam ba ta da matsalar wuta-wuta, su kai sabon irin wani gari. Mai yiwuwa dabara ce don in tausaya mata. Sai dai har ta hau babur ta manta ruwan da ta ajiye a inuwa.

Laraba, 6 ga Satumba

Kaltume ta ga buhun. Na yi mata bayani dalla-dalla, daga turke har zuwa takarda. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Malam, marigayi babanka dami arba'in yake ɗaurewa a gonar nan. Bara sha ɗaya muka samu. Gonar da kake tsaro ai wuta-wuta ta riga gwamnati ƙwacewa."

Mace ce wadda ba ta shiga aji ba. Duk da haka tuwon bai shiga ba.

Talata, 12 ga Satumba

Na sa babbar riga na sami Malama a gona da jawabin da na shirya. Ban kai rabi ba ta katse ni: "Mangala nawa?" Na ce uku. Ta tona gindin dawa, ta ɗago kashin akuya a tafin hannu. Ta dube shi, ta dube ni. Na faɗa mata abin da nake tsoro.

"Haba Baba Jafaru. Wa zai ƙwace gonar da ko dawa ba ta son zama?"

Wannan magana ta yi nauyi daga bakin sa'ar 'yar cikina. Ta ce aikin bana ya tashi a banza. Za ta roƙi a ƙara mata damina ɗaya, amma ba ta da tabbas, kuma ko an ba ta, sai ta sami manomin da zai iya barin gonarsa ta kunyata shi a bakin hanya. Ba ta ce ni ba.

Talata, 14 ga Nuwamba

An yi girbi. Ta tuge turakunta da hannunta ta ɗaure a bayan babur. Babu takarda, babu kowa daga ofis. Zangarniyar sabon irin ta kai tsawon hannuna, wuta-wutar wurin kuwa tsiraru. Ta kwashe shi duka ta musanya mini da dawar kasuwa, wai ba a ba ta izinin rabawa ba. Ina zargin haushi ne.

Sauran gonar, dami tara.

Asabar, 9 ga Disamba

Buba makiyayi ya zo ya ce bana a gonata yake so ya sauke shanunsa su kwana har rani ya yi nisa. Rabon da a yi mini wannan alheri shekara shida. Wasu har goro suke kai masa. Na gode masa, na ce ya sauka ko'ina ban da wata kusurwa a bakin hanya. Na auna ta da taku, sabon wuri, tunda wancan na riga na ɓata shi. Na saro ƙaya na zagaye.

Buba ya ce, "Malam, kabari ne a wurin?" Barau kuwa ya bi gari yana cewa na yi wa wuta-wuta gida har da katanga.

Malama ba ta aiko ba, kuma ba dominta na yi ba. Mutum mai ilmi yana da damar barin taku ashirin na gonarsa babu taki in ya ga dama.

Gobe zan ƙara ƙaya ta wajen Barau. Awakinsa ba su da amana, shi ma haka.