Aladun Maƙwabci da Gadon da Ke Wata Gunduma

Gwaggo Tabawa, ki gafarce ni da na dame ki da abin da bai kai ya kawo ba, amma wallahi ya hana ni sukuni.

Gidanmu a nan jihar Jojiya ta Amurka kan iyakar gunduma biyu yake. Ɗakin kwana da lambuna suna gabas, kicin yana yamma. Maƙwabcinmu na yamma, Mista Hobart, yana kiwon aladu, Allah ya raba mu da ƙazanta, kuma kullum sai sun ɓarnata mini kuɓewa. Na kai ƙara wajen Sherif Purvis, zaɓaɓɓen shugaban 'yan sandan gundumar gabas, ya ce aladun 'yan yamma ne, ba shi da iko da su. Sherif Tatum na yamma ya ce ai a gabas suka ci, kuma shi hurumin cikin alade bai shiga aikinsa ba. Ban ce sun yi ƙarya ba, kowa da iyakarsa.

To bana wa'adin Tatum na shekara huɗu zai ƙare, ya kuma samu abokin takara mai zafi. Sai ga shi da kansa, da tumbinsa da ƙatuwar hularsa, yana bin aladu har ya faɗi cikin taɓo. Ya tashi yana kirana Hajiya, kalmar da ban san inda ya koyo ba, ya roƙi ƙuri'ata. Tausayi ya kama ni, na yi masa alkawari.

Daga baya ofishin zaɓe suka ce inda mutum ke kwana nan yake zaɓe. Ashe ni ta Purvis ce, wanda ba shi da abokin hamayya, ko gaisuwa ba ya amsawa. Maigidana ya ce mu ja gado kicin zuwa Nuwamba, watan zaɓe. A makarantar allo an koya mana alkawari kaya ne, an kuma hana mu ha'inci. Wanne zan ɗauka? Don Allah ki amsa da wuri, zaɓe ya matso.

Mai Kuɓewa

'Yar'uwa Mai Kuɓewa,

Gado ya zauna inda yake. Dabarar maigida ha'inci ce, kuma ki tuna makullin gidan yarin yamma a hannun Tatum yake.

Alkawarin abin da ba ki mallaka ba bai zama bashi ba. Amma mutumin ya sha taɓo dominki, yana da haƙƙi. Ki gaya masa gaskiya, ki ba shi bangon kicin ya manna hotonsa.

Sannan lambun ya yi ƙaura zuwa bayan kicin, alade da ɓarnarsa su haɗu a hurumi ɗaya. Ki matsa ya sa Hobart ya yi shinge kafin Nuwamba, don kunnen sherif sau ɗaya yake buɗewa a shekara huɗu.

Allah ya tsare miki kuɓewa, ya kuma kawo wa Purvis abokin takara.

Gwaggo Tabawa