Sawun Alhaji a Cikin Tsohon Folish

Assalamu alaikum Anti Hanifa. Don Allah ki taimake ni da shawara kafin bakina ya ƙarasa ɓata abin da hannuna ya fara gyarawa. Ban taɓa rubuto wa jarida ba, amma shafinki ba ya wuce ni, ko da a takardar da anka naɗe mini tsire na gan shi. Sunayen da zan ambata duk na sake su.

Ni matashi ne a Badariya, Birnin Kebbi. Sana'ata gyaran daɓen ofisoshi, shaguna da masaukan baƙi. Ba shara da mofa nake nufi ba, don mutane da sun ji sai su ce au, ashe mai shara ne. Aikina cire tsohon folish, wato man ƙyallin nan da ake shafa wa daɓe, in kankare shi har ƙasa, sannan in shafa sabo. Makaranta ban yi nisa ba, amma ba galan ɗin da zai shigo hannuna ban karance rubutun jikinsa ba, in Turancin ya fi ƙarfina in nemi fassara a waya. Wurin Oga Irimiya na Nasarawa na koya, mutumin kirki, kuma bana ya ce in tsaya da ƙafata, ya ara mini injinsa guda.

Anti, aikin farko da sunana ya samu. Wani masaukin baƙi ne na gado a Argungu, falon karɓar baƙinsa kaɗai ya isa a yi ɗaurin aure. Ja'afar, babban ɗan marigayi Alhajin da ya gina wurin, shi ya kira ni. Shekara da shekaru duk wanda anka kira sai ya laɓta sabon folish bisa tsoho ya kama gabansa, datti na kwance tsakani hawa-hawa kamar ɓawon albasa. Daɓen ya koma kalar ruwan gulbi da damina, kuma kowa a gidan ya ɗauka haka anka yi shi.

Na fara gwaji a lungu guda. Na zuba ruwan maganin da ke narkar da folish, na ba shi lokaci ya jiƙa, na sa baƙin soso a inji na tayar. Anti, da ma kina wurin. Wani baƙin kunu ya taso, na kwashe, na ɗauraye, sai ga tarazo, daɓen nan mai ɓarɓashin duwatsu, fari tas da ɗigo-ɗigon kore da ja. Mai gadi ya kira mai dafa abinci, ita ta kira masu wanki, anka taru ana kallon ƙasa kamar an ga jinjirin wata. Ni kuwa a raina har na ga falon duka yana ɗaukar ido, na ga hotonsa a wayata ina nuna wa manajojin otal na Birnin Kebbi ɗaya bayan ɗaya, na ga kaina da injina na kaina. Ranar ko abinci ban iya ci ba don murna.

To ga inda gizo ke saƙa. Kusa da kanta, wato teburin karɓar baƙi, gefen ƙofar ofis, akwai sawun ƙafa guda, ta dama, a cikin tsohon folish ɗin. Wai wata shekara ana cikin shafawa, bai bushe ba, Alhaji ya taso daga alwala ba takalmi, ya ratso tsakar gida yana sauri kar jam'i ya wuce shi, ya taka. Jar ƙasar ƙafarsa ta manne, masu aikin kuma don lalaci sunka shafe bisa. Duk wanda ya zo baya ya ƙara rufewa, sawun ya zauna kamar tururuwa a cikin ƙaro. Har babban yatsan da ya karkace ana gani, wanda kwalekwale ya taɓa danne masa yana saurayi.

Hajiya Inno, matar marigayin, har yanzu ita ke zama a kanta da safe. Ta ce a wanke ko'ina, amma wanga sawu ko ɗigon magani kar ya taɓa shi. Ashe shi ya sa kujerarta kullum take nan, tana tare masu jan akwati.

Na yi mata bayani da ladabi, da farko dai. Maganin nan ruwa ne, gudu yake, bai san sawun Alhaji ba. In kuma na bar wurin, za a sami facin ruwan ƙasa a tsakiyar farin daɓe kamar tabon ƙuna a goshi, kuma a bakin kanta, inda idon kowane baƙo ke fara sauka. Wa zai ce tsohuwa ce ta hana? Cewa za a yi yaron bai iya aiki ba. Ta ce ita dai ta faɗi tata. Na sake bayani, ta ci gaba da jan carbinta. Nan fa kaina ya ɗau zafi. Na ce mata datti ne fa ake ta gadi, ƙurar tsakar gida ce da tsohon mai, kuma ni na karanta, riƙe irin waɗannan abubuwa camfi ne, mamaci addu'a yake so ba folish ba. A gaban ma'aikatanta na faɗa. Sai ta miƙe. Ta jawo darduma ta rufe sawun, ta ɗora kujerarta bisa, ta zauna.

Ban ɓoye miki ba, har yanzu ina ganin gaskiyata. A cikin abin da na faɗa wanne ne ƙarya? Sai dai da ashar ta yi mini da ya fi mini sauƙi a kan wagga darduma.

Ja'afar ya ja ni gefe ya ce ranar Asabar Hajiya za ta Gulma wurin suna. In shigo da injina in share komai, in ta dawo ta ga ƙyalli za ta yi faɗanta ta haƙura, shi zai tare mini. Ya ce shi ma ai ubansa ne, kuma ya gaji da ganin baƙi suna leƙowa suna juyawa. Shi ya kira ni, shi ke da ikon aikin. Oga Irimiya da na buga masa waya dariya ya yi, ya ce shi inji ya ara mini, baki kuwa nawa ne, in ji da abina.

Hannuna ƙaiƙayi yake, Anti. In na rufe ido farin tarazon nan nake gani daga bango zuwa bango. Amma abin da anka kankare ba ya dawowa, wannan na fi kowa sani tunda shi nake ci. In bi Ja'afar in yi aikin da zai fito da sunana? In bar faci a yi mini dariya? Ko in tattara kayana in koma Badariya hannu rabbana? Ki amsa kafin Asabar don girman Allah.

Naki,
Mai Baƙin Soso, Badariya

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanena. Barka da arziki. Murnarka ta fito a takarda har ni ma na so in ga tarazon nan. Tunda lokaci ya ƙure, ga amsar a gaba: kada ka shiga falon nan da inji a bayan idon Hajiya.

Kana da gaskiya ta ɓangarenka. Mai sana'ar da ya fara tsayawa da ƙafarsa ba shi da jarin da ya wuce aikinsa na farko, kuma ba laifi ba ne ka so ya fita ba tabo. Ja'afar ma ba mugunta yake nufi ba, so yake abin da mahaifinsa ya bari ya rayu. Amma alkawarin zai tare maka kada ka jingina da shi. Uwa da ɗa za su shirya ko ba jima ko ba daɗe, kai ne baƙo. Labarin da zai rage shi ne na yaron da ya jira tsohuwa ta tafi suna ya goge sawun mijinta, kuma Argungu da Birnin Kebbi ba nisa. Mai otal makullin wurinsa yake miƙa wa irinku, saboda haka amana yake fara tambaya kafin ƙyalli.

Batun camfi kuwa, ka yi gaggawa. A wasiƙarka ban ga inda ta shafi sawun don neman tabarraki ba, tare masu akwati kawai take yi. Wannan kewa ce. Wata hular mijinta take ajiyewa, wata sandarsa, ita kuma wannan ne ya rage mata a inda suka yi zaman aiki tare. In ma akwai abin gyara, tana da malamanta, kai ba wa'azi aka kira ka ba. Kai da ka san sai an ba magani lokaci ya jiƙa kafin a tayar da inji, sai ga shi ka ɗora wa tsohuwa inji a bushe.

Ga abin da za ka yi. Ka je kafin ta tafi Gulma, ka durƙusa ka ba ta haƙuri a gaban ma'aikatan da ka faɗi maganar, kuma kada kalmar amma ta fito daga bakinka. Sannan ka gaya wa Ja'afar cikin girmamawa cewa ba za ka yi aikin a ɓoye ba, ka roƙe shi ku zauna ku uku.

A zaman, ka zo da mafita. Ni ba 'yar sana'arku ba ce, don haka ka koma wa Oga Irimiya, wannan karon dabara za ka tambaya ba ƙara za ka kai ba. A ganina za a iya auna murabba'i daidai kewaye da sawun, a toshe gefensa yadda ruwa ba zai ratsa ba, a yi aikin kusa da shi da hannu, da magani kaɗan. Ka fara gwadawa a wani lungu, ka bar facin tsohon folish irin haka, ka nuna mata da idonta cewa ya tsira. Daga baya mai aikin gilashi ko alminiyam ya yi masa siririn baki. Facin da ya karkace kuskure ne, wanda aka yanke daidai aka kewaye kuwa kowa ya gani ya san da niyya aka bar shi. Baƙon da ya tambaya zai ji labarin mai gidan, ba kasawarka ba.

Ka kuma gaya mata gaskiya cewa ba ka da tabbaci ɗari bisa ɗari. Ka ɗauki hoton sawun mai kyau, a wanke hoton a takarda, ka ba ta kafin ka jiƙa komai. In duk da haka ba ta amince ba, ka gama sauran falon ka bar gefen kanta har su daidaita a tsakaninsu. Aikin da aka jinkirta yana nan, ana iya dawowa kansa kowace rana.

In ta ɗaga dardumar nan da hannunta ta ce bismillah, ka fara. In ba ta ɗaga ba, kada ka ɗaga mata.

Allah ya jiƙan Alhaji, ya sanyaya zuciyar Hajiya, kai kuma ya sa albarka a hannunka, ya ɗan rage wa harshen kaifi.

Anti Hanifa