Ni nake ba shi dariya, yanzu ya ce ni ce shaidarsa

Assalamu alaikum Anti mai shafi da jama'ar gidan nan. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a bi ni a hankali, zagin da na yi wa kaina ya ishe ni har jikokina.

Shekarata goma sha shida, 'yar Kwandiko ce ni, amma a Birnin Kudu nake makaranta, a gidan yayata. Ni ce sarkin surutun gidanmu, ko akuya ta yi atishawa sai na kwaikwaye ta. Yaya kuwa kafin aure, in ta fito da lalle da kwalli, har kajin unguwa tsayawa suke kallo. Ita ke yi wa amaren garinmu kitso.

Mijinta a waje mutumin kirki ne, kowa Malam, Malam. A cikin gida kuwa, in ta yi kwalliya ya ce, "Wa ake jira? Ni dai ban ce ina so ba." In ta bari ya ce, "Dubi abin da na taimaka na aura." Ta sa turare, ya buɗe taga yana tari. Ta yi kuka, ya ce wasa yake, ita ce ba ta da lafiyar kai. A hankali ta daina komai. Zani ɗaya, ɗankwali ɗaya, madubin ɗakinta ma ta juya shi ya kalli bango.

Ga inda na shigo. Kun san wasan ƙanwar mata da mijin yaya? To da shi ya kama ni. Sai ya ce, "Auta, yi mana tafiyar yayarki." Ni kuma shashasha in ja ƙafa, in yamutsa kai, in ce ai kan Yaya ko kwarkwata ta shiga sai ta nemi ɗan jagora. Ya yi ta dariya har da buga cinya. Ita ma ta yi murmushi, na ɗauka daɗi take ji. Wace irin ƙanwa ce ni? Da Inna ta kira tana tambaya, cewa na yi, "Lafiyarta lau, ƙyuya ce kawai."

Bayan ƙaramar salla ya sake ta, muka dawo gida. Har yau sai Inna ta yi da gaske Yaya take wanka. Shekaranjiya na lallaɓa ta na zauna yi mata tsifa. Kitson ya dunƙule, gashi sai biyo mataji yake. Na ci gaba da tsifata. Can, ko juyowa ba ta yi ba, ta ce, "Auta, wannan kar ki ba kowa labari, kin ji?" Anti, da marina ta yi da ya fi min sauƙi.

Yanzu ya aiko biko. Ya ce wa Baba shi ne ya yi ta haƙuri da ƙazantarta, in ana shakka a tambayi ƙanwarta. Yaya ta ce wai ƙila gaskiyarsa ce. Baba ya ce ranar Juma'a zai zaunar da ni gaban kawunnanmu, abin da na faɗa da shi za a yi aiki.

Ina so in faɗi komai, har da nawa. Amma ni da kowa ya sani, in na ga ɓera sai in ce kura na gani, wa zai yarda da ni a kan Malam? Ga maganar da na riga na gaya wa Inna. In suka yi dariya kamar kullum, sun mayar da ita ke nan.

Don girman Allah, yaya ake magana a yarda da mutum? Me zan yi?