Ban San Abin da Bakina Ya Faɗa Ba

Malama Talatu, don girman Allah ki agaza mini da shawara. Abin da ke cina ya ƙi haɗiyuwa, kuma ba ni da wanda zan furta wa. Ki yi haƙuri da rubutun, hannu ɗaya ya rage mini.

Ni tsohuwa ce, haifaffiyar Wusasa. Can aka yi mini baftisma, can na yi aure, can na binne maigidana, Malam Dickson. Koyarwa na yi a firamare har na yi ritaya, amma mutanen cocinmu ba da alli suka san ni ba, da tulu suka san ni. Ni ce mai buga tulu a zumuntar mata. An ce yabon kai jahilci, to yau zan yi jahilcin: in na sa hannu, har tsofaffin da ke gyangyaɗi a bencin baya sai sun gyara zama. A irin lokacin nan tsikar jikina takan tashi, hawaye su zubo ba dalili, in ce a raina Ruhu Mai Tsarki ya sauko. Da haka na saba gane shi.

Bara hawan jini ya kayar da ni, ɓarin jikina na hagu ya shanye. 'Yata ɗaya ce, Annabel, tana aure a Fatakwal, ga aiki ga yara. Sai Hajo ta zo ta ce ba za ta bar ni a hannun 'yar aiki ba. Hajo 'yar ɗan baffana ce, Musulma. Kin san irin zuriyarmu, rabi Wusasa rabi cikin birnin Zazzau. Ni na riƙe ta tana makaranta, da azumi ni nake tashinta sahur. Ita da mijinta Malam Sani suka ɗauko ni zuwa gidansu a cikin ganuwa, suka ba ni ɗakin da ya fi kowanne shan iska. Tsakani da Allah ba su rage ni da komai ba. Hajo ke yi mini wanka, ita ke kai ni bayan gida, ban taɓa ganin ta yamutsa fuska ba.

Sai dai a nan Lahadi da Talata duk ɗaya ne. Lungunmu ko keke napep ba ya shiga, sai an ciccibe ni zuwa bakin titi. 'Yan zumunta sun zo da farko, ni ce na ce su daina wahalar da kansu, don ina jin nauyin a yi ta waƙa a gidan mutane. Suka kuwa ɗauke ni a kan maganata. In aka kira salla sai gidan ya tashi gaba ɗaya, ƙarar buta ta nan, shimfiɗa tabarma ta can, ni kuma a bar ni da bango. Ba addininsu nake sha'awa ba. Abin da nake kishi shi ne suna da waɗanda za su tsaya kafaɗa da kafaɗa da su.

Ga inda gizo ke saƙa. Da damina zazzaɓi mai zafi ya kama ni har na fita hayyacina, suka cire rai da ni. Hajo ta yi mini abin da suke yi wa nasu in ya zo gargara: ta zauna a kaina tana maimaita kalmar shahada kusa da kunnena. Allah bai karɓi raina ba. Bayan na warware, wata rana tana ba ni kunu, sai ta gaya mini, idonta cike da hawayen murna, wai bakina yana ta motsi yana bin ta. Ta ce ko mijinta ba ta faɗa wa ba. Ba ta sake tayar da zancen ba, amma ina ganin irin kallon da take yi mini, kamar wadda ta yi shuka tana jiran tsiro. Ni kuwa ban tuna komai ba, ko ƙwayar kalma ɗaya.

Tun ranar ban sake samun salama ba. Tun muna yara aka koya mana cewa wanda ya yi musun Almasihu a gaban mutane, shi ma zai yi musunsa. To, na yi musunsa ne? Ina addu'a, amma kamar ina magana a cikin rijiya. Ba tsikar jiki, ba hawaye, ko waƙa na fara a zuci sai ta tsinke a tsakiya. Nakan ce ko Ruhun ya tattara nasa ya nasa ya bar ni. Ba zafin mutuwa nake tsoro ba, Malama, na riga na leƙa ta. Tsorona in isa can a ce ba a san ni ba. In kuma ciwon ya dawo, me bakin nan zai sake faɗa?

Na so in ji haushin Hajo, na kasa. Yaya zan ƙi wadda ke wanke ni? Kullum ma sai na sa mata albarka. Annabel ba ta gayuwa, don sai ta tayar da ƙurar da za ta raba zumunci. Rabaran kuma, limamin cocinmu, kunya ta hana ni gaya masa. Ni kaɗai ce da wannan magana a ɗakin nan. Ki gaya mini gaskiya ko da ɗaci: har yanzu ni ta Almasihu ce?

Taki,
Tsohuwar da tulunta ya yi shiru, Birnin Zazzau

Mama, sannu da jiki, sannu kuma da ɗawainiyar zuci. Kin nemi gaskiya, ga ta ba kwana-kwana: har yanzu ke tasa ce.

Musu aikin mai hankali ne, wanda ya sani, ya zaɓa. Mai zazzaɓi yakan kira uwarsa da ta daɗe a ƙasa, yakan yi ciniki da bango, ba wanda ke kai shi ƙara. Ko leɓenki addu'arki yake yi, ko bin Hajo yake, ko rawar ɗari ce, ba mu sani ba, kuma ba sai mun sani ba. Cetonki bai rataya a kan ƙarfin harshenki ba, a kan abin da Yesu ya gama ya rataya. Maganar Allah ta koya mana cewa Ruhu hatimi ne da Allah da kansa ya buga wa nasa. Abin da Allah ya buga, zazzaɓi ba ya kankare shi.

Inda zan ja kunnenki, da izininki, shi ne wajen tsikar jiki. Kin saba gane Ruhu da kiɗa da taro, shi ya sa da kiɗan ya tsaya kika zaci ya tafi. Shi ba baƙon Lahadi ba ne, mazaunin gida ne. Ki duba aikinsa a wasiƙarki. Wa ya hana zuciyarki ƙin Hajo? Wa ke sa ki sa mata albarka? Kuma wa ke sa tunanin rabuwa da Almasihu ya yi miki zafi haka? Wanda Ruhu ya bari ba ya kwana da wannan damuwa. In kalmomi sun ƙare miki, ki yi shiru a gabansa, Ruhun yana roƙo dominki.

Hajo kuwa, kada ki ga baƙinta. Abin da ya fi komai daraja a wurinta ta miƙa miki, a lokacin da ta zaci rabuwa ta zo. Amma shirunki yana ciyar da zatonta, kuma wannan ba adalci ba ne gare ta. Ki zaunar da ita ku biyu, ki gode mata, ki gaya mata da hankalinki garau cewa ba ki san abin da ya faru ba, kina nan a kan bangaskiyarki, kuma in ciwo ya dawo a kira Rabaran da Annabel. Za ta ji ba daɗi, wataƙila ta yi kuka. Ki bar ta ta yi. Wadda kika tasa sahur tana yarinya ta san ba ki raina addininta ba, ina kyautata zaton ita ma za ta mutunta naki.

Sannan ki janye maganar da kika faɗa wa 'yan zumunta. Kawaici ya yi yawa, ya koma cuta. Ki kira su a waya, ki nemi yardar Malam Sani su riƙa zuwa biyu-biyu, a yi addu'a a hankali. Ki gaya wa Rabaran, ya ji abin da ya fi wannan, ya kawo miki gurasa da ƙoƙon Jibin Ubangiji har ɗaki. Ko sau ɗaya a wata a kai ki sujada a coci, lungu bai fi ƙarfin matasan coci ba. Ki kuma faɗa wa likita halin da zuciyarki ke ciki, don irin ciwonki yakan zo da ƙunci, kuma akwai taimako.

Ba zan yi miki alkawarin abin da bakinki zai faɗa a ranar ƙarshe ba. Ni ma ban san abin da nawa zai faɗa ba. Abin da na sani, ranar da kika kwanta ba ki san inda kanki yake ba, Almasihu ya san inda kike, kuma bai sake ki ba. Allah ya ƙara sauƙi, ya saka wa Hajo da alheri, ya ba ki barci mai daɗi, Mama.

Malama Talatu