Kafar Bangon Gabas

Unguwar Kusugu, Daura
Ƙarshen Rajab, 1423

Zuwa ga maigidana, Malam Ladan,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, yaya ƙarfin jiki? Tarin ya lafa, ko har yanzu yana hana ka sakat? Ina gaida Auta da maigidanta Mansur da yara. Mu nan lafiya lau, sai kewa.

Zailani direba ya kawo mini saƙon Auta da baki, don ta san in ta rubuto zan adana takardar in riƙa yi mata gori. Wai ba za ka dawo Daura ba. Wai ɗakinmu ne ya sa maka ciwon haƙarƙarin da ya kwantar da kai a asibitin Kano da sanyin bara, likita kuma ya ce in sanyi ya sake kama ƙirjinka ba lallai ne ka tashi ba. Don haka in haɗa kayana in biyo ka, mu zauna a ɗakin baƙinta mai silin da fanka, a rufe gidan nan.

Malam, ranar ko tuwo ban ci ba don haushi. Yarinyar da na goya a ɗakin nan ita ce yau take kiransa kango. Amma da na huce, na zauna na dubi ɗakin da idon baƙo, sai na ga ba ƙarya ta yi ba. Tun shekarar bikinta da azara ta ruɓe, muka sauke rufin soro muka buga kwano, ɗakin bai sake zama ɗaki ba. Da bazara kamar an kifa mana tukunya, da ɗari kuwa gara tsakar gida. Mu ne dai muka yi ta washe baki maƙwabta na shigowa yi mana barka da kwano.

Ni ba zan iya zaman Kano ba, kai ma ba iyawa kake ba. Na gan ka lokacin jinya, na sake ganin ka zuwana na damina. Mutumin da unguwa guda ke tashi da muryarsa, ga shi a gidan suruki yana cin abinci kamar mai laifi, da Mansur ya yi sallama sai ka ajiye cokali. Yaron kirki ne, ban ce ba haka ba, amma na ga yadda wuyan rigarka ya yi maka yawa.

Shi ya sa na aika wa Auta sharaɗi, ta kuma karɓa. In na gyara ɗakin har iska ta daina shiga, ta zo da kanta ta duba, in ta gamsu ka dawo kafin sanyi ya sauka sosai. In na kasa, ni zan kulle gidan da hannuna in hau motar Zailani. Na sayar da tunkiyar nan mai baƙin kunne, na kira Mati magini, ɗan marigayin da ya gina mana ɗakin. Ruwa ya ɗauke, gobe za a fara kwaɓa ƙasa.

Yazid ne ke kiran salla a madadinka. Muryarsa ba laifi, sai dai sauri kamar an biyo shi. Ka ci abinci don Allah, ko Mansur na tsaye a kanka.

Allah ya ƙara sauƙi. Taka,
Murjanatu


Unguwar Kusugu, Daura
Tsakiyar Sha'aban, 1423

Zuwa ga maigidana, Malam Ladan,

Assalamu alaikum. Ina fata kana samun sauƙi, kuma zumar da na ba Zailani ta iso hannunka ba cikinsa ba. A gaida mutanen gida.

Aiki ya yi nisa. Ashe tsakanin kan bango da kwano akwai tazarar da kyanwa za ta wuce, kuma tana wucewa, don mun tarar da gashinta. Mati ya cike wurin da laka kwaɓe da yankakkiyar ciyawa. Ya gitta sanduna a ƙarƙashin kwanon, ya shimfiɗa karan dawa mai kauri, ya rufe da tabarmar kaba ta ƙasa, ga mu da silin ɗinmu irin na Daura. Ranar da aka gama, na shiga da azahar na zauna, ban ji kwano na gasa mini kai ba. Ya bi tsagar bango ta waje ya yaɓe, ya shafe da makuba. Ni kuma na ɗinka tsohon buhu na cusa masa auduga, na tare ƙasan ƙofa da shi. Ya bar ƙaramar taga guda a saman ƙofa, ta wajen tsakar gida inda iska ba ta bugowa. Ya ce dole ɗaki ya yi numfashi, kuma kada in kuskura in sake shigo da kaskon garwashi in rufe ƙofa, don yanzu hayaƙin ba shi da wurin fita kamar da.

Mati ya wanke hannu ya ce ya gama. Na ce bai gama ba, don da asuba ina jin sanyi yana lasar wuyana. Ya ce shi magini ne, ba ya ganin iska. Ni ma ban san yadda zan nuna masa ba, sai Allah ya kawo hanya. Na kunna turaren wuta, wanda kake so ɗin nan, don in kori warin ɗanyar ƙasa, sai na ga hayaƙin maimakon ya miƙe sama ya karkata gefe guda kamar ana jan sa. Na ɗauki kaskon na bi bango da shi a hankali, duk inda hayaƙi ya lanƙwasa Mati ya yi alama da gawayi. Mun samu a gefen katakon taga, mun samu a bayan kabad inda ɓera ya yi hanya. Rahmatu maƙwabciyarmu ta leƙo ta gan mu muna zagaye ɗaki da turare, ta koma da baya, ta je tana cewa ruƙiyya ake yi a gidan Ladan.

Sai da na bi ko'ina na bar kan gado ƙarshe, don zuciyata ta san abin da zan tarar. Ina kai kaskon saitin matashinka, hayaƙin ya kwanta gaba ɗaya. Kafar nan ce, Malam, wadda ka huda a bangon gabas shekarar da aka ba ka ladanci, don ka riƙa ganin ketowar alfijir kana kwance. Faɗinta bai kai tafin hannu ba, amma duk sauran kafofin in aka haɗa ba su kai ta zuba iska ba, kuma a ƙirjinka take saukewa. Shekara da shekaru ina shafa maka man zafi, ashe ga mai laifin a saman kanmu.

Mati ya ɗebo laka zai liƙe, na riƙe hannunsa. Abinka ne, ba zan rufe ba sai na ji daga bakinka. Amma ina roƙon ka, ka ce a rufe.

Mai jiran amsarka,
Murjanatu


Unguwar Kusugu, Daura
Farkon Azumi, 1423

Zuwa ga maigidana, Malam Ladan,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa, in likita ya bar ka ka ɗauka. In bai bari ba kada ka yi masa gardama, ciyarwa ma ibada ce, kai ka koya mini.

Amsarka ta iso, gajeruwa kamar ta mai karɓar haraji. Ka ce kada a taɓa kafar. Ka ce in an rufe ta, ɗakin Daura da ɗakin Kano duk ɗaya ne, gara ka zauna inda kake. Sannu da ƙoƙari. Na sayar da tunkiyata, hannuna ya tsage da laka, an mai da ni mai aljanu a unguwa, kai kuma kana can ƙarƙashin fanka kana yanke hukunci. Agogon da Mansur ya sayo maka yana nan cikin kwalinsa a kabad. Na san abin da za ka ce, agogo na tsayawa, sama ba ta tsayawa.

A mota guda saƙon Auta ya zo. Ta ce muddin kafar na nan, babu maganar dawowa. Kai da ɗiyarka taurin kanku iri ɗaya, ni ce kuka sa a tsakiya kuna ja. Na gwada cusa tsumma, a riƙa zarewa da asuba. Amma asubar ita ce lokacin da iskar ta fi cizo, kuma na san halinka, in ka zare ba za ka mayar ba.

Bari in faɗa maka abin da na yi, kada ka yi mini dariya. Shekaranjiya bayan na yi sahur ni kaɗai, na zare tsumman na kwanta a gefenka na gado, na sa kaina inda kake sa naka. Duk zamanmu ban taɓa leƙa kafar nan ba, ta tashe ka, kai ka tashe ni, shi ke nan. Na ga duhu ya fara sakin jiki, sai wani farin zare ya miƙe can saman bishiyar gidan su Rahmatu. Na jira in ji ka motsa ka laluba takalminka, sai muryar Yazid na ji. Na yi kuka, Malam, ba zan ɓoye maka ba. Na gane abin da ya sa ba ka son a rufe. Na kuma tashi da mura, wadda har yanzu ban rabu da ita ba, ka ga Auta ma tana da gaskiya.

Sanyi ya fara leƙowa, man shanu ya soma daskarewa a kwalba. Ban ga mafita ba. Na sauko da akwatina na fara ninke zannuwa, don alkawari na yi wa yarinyar nan. In zaman gidan suruki ne ya rage mana, gara mu ji kunyar tare da in zauna cikin ɗaki mai ɗumi ba kai.

Ka sa ni a addu'ar buɗe baki. Taka,
Murjanatu


Unguwar Kusugu, Daura
Goman ƙarshe na Azumi, 1423

Zuwa ga maigidana, Malam Ladan,

Assalamu alaikum. Yaya jiki, yaya ibada? Ka gyara zama, wannan wasiƙar da daɗi a gabanta da ɗaci a bayanta, kuma ka karanta duka kafin ka ɓata rai.

Ina cikin haɗa kaya na sauko da hotonka na Hajji daga bango, don ba zan bar shi ba. Katakon ya tsufa, ina taɓawa ya rabu, gilashin ya zame a hannuna. Na ɗaga shi in duba ko ya tsage, sai ga ni ina kallon hasken kafarka ta cikinsa. Nan take dabara ta faɗo mini. Ko mayafi ban gyara da kyau ba na aika a kira Mati. Ya kai gilashin kasuwa aka yanka daidai, ya ɗan faɗaɗa bakin kafar, ya zaunar da shi a ciki, ya bi gefensa da laka mai laushi har sau biyu. Da ta bushe na kawo kaskon turare saitin matashinka. Hayaƙin ya miƙe sama sak, ko rawa bai yi ba.

Auta ta sauka ranar Asabar ba sanarwa, fuska a ɗaure kamar mai duba gari. Da kanta ta karɓi kaskon ta bi kusurwa kusurwa, har ƙarƙashin gado ta leƙa. Ta jiƙa bayan hannunta ta kara a jikin gilashin, ta daɗe tana jira, ba ta ji komai ba. Sai ta ce a nan za ta kwana, kuma a gefenka na gado. Da asuba na ji tana jan hanci, na zaci mura ce na shafa mata. Ashe ta tuna lokacin da kake ɗaga ta tana ƙarama ka nuna mata alfijir ta wurin. Da gari ya waye ta ce ka dawo. Zailani zai ɗauko ka jajiberin Salla, na ce ya ba ka gidan gaba, ya kuma ɗaga gilashin motar ko za a mutu da zafi.

Yanzu ga ɗacin. Ta bar mini shi in faɗa maka, don ta ce bakinta ba zai iya ba. Likita ya ce fitar asuba ta ƙare maka, da ɗaga murya a buɗaɗɗen wuri, ba na bana kaɗai ba. Ƙirjin ba zai ɗauka ba. Liman ya sani, ya ce Yazid zai ci gaba, kuma sunan Ladan naka ne har abada, ba mai karɓe shi. Na san yadda wannan zai zauna maka a rai. Da da yadda zan yi in karɓe maka shi, wallahi da na karɓa.

Amma ga wata matsala da ta taso, kai kaɗai za ka iya maganinta. Tun da aka toshe ko'ina, ɗakin ya yi ɗumi ya yi shiru, barcina ya yi nauyi, muryar Yazid ba ta iso ni sosai. Jiya saura kaɗan in makara. Ni ma ina bukatar ladan, Malam. In ka ga farin nan ya keto ta gilashin, ba sai ka ɗaga murya ba, ina nan kusa da kai.

Hoton yana cikin akwati ba gilashi, ban damu ba tun da mai shi na tafe. Na mayar da zannuwana kabad, na shanya bargonka a rana, na ajiye takalminka a inda hannunka ya saba laluba.

Allah ya kawo ka lafiya. Matarka mai jira,
Murjanatu