Kada a Yi Masa Ƙaho

Nguru,
Lahadi, 9 ga Maris, 2003.

Zuwa ga ƙanwata Rahima,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, yaya Gashua, yaya maigidan da yara, yaya ƙafar Gogo? Allah ya ƙara mata sauƙi.

Yayanki Malam jiki alhamdu lillahi. Wata huɗu ke nan da aikin zuciyar da aka yi masa a Masar, yanzu kullum bayan asuba yana takawa har tashar jirgin ƙasa ya dawo, hutu ɗaya kawai. Likita ya hana shi gishiri da man shanu da kilishi, ya hana shi kokawa da bijimai a kara, kasuwar shanu. Ni dai na zama 'yar sanda a gidan nan. Shekaranjiya na kama ƙullin gishiri a aljihun rigarsa, mutum da furfurarsa, wai na shanu ne.

Amma ba wannan ya sa na rubuto ba. Kin san ƙarfen da aka sa masa a zuciya sai da maganin tsinka jini, kullum, har ƙarshen rai. Asuwaki kawai ya yi da ƙarfi sai dasashinsa ya wuni yana jini. To ga shi Gogo ta aiko ya zo ranar Juma'a, zafi ya shigo, ta kira Dunoma wanzami ya yi wa 'ya'yanta ƙaho kamar kowace shekara. Likitansa na Kano kuwa a gabana ya ce ko aski a bi a hankali, ƙaho kada a kuskura, jinin ba zai tsaya ba.

Na yi magana, na yi kuka. Ya ce tun da yake bai taɓa ce wa mahaifiyarsa a'a ba, ƙaho biyu ba za su kashe shi ba. Ita kuma har yau tana zaton Umra ya je ya tsaya maganin gyambon ciki, shi ya hana a gaya mata saboda hawan jininta.

Rahima, tsoro nake ji. Don Allah ki samu Dunoma a keɓe, ki roƙe shi ya ƙirƙiri tafiya. Ki ba direban da ya kawo miki wannan takarda amsa.

Taki,
Haula.

Nguru,
Alhamis, 13 ga Maris, 2003.

Zuwa ga Gogo,

Ina durƙusawa ina gaishe ki, tare da fatan kina lafiya, ƙafa ta yi sauƙi. Rahima ce za ta karanta miki wannan. Ki gafarce ni, shekara goma sha tara ina gidan ɗanki ban taɓa ɗaga ido na dube ki ba, balle in rubuto miki takarda.

Na roƙi Rahima ta hana Dunoma zuwa gobe. Ya ƙi. Ya ce shi ya yi wa Malam kaciya, ba zai yi miki ƙarya ba, kuma jinin da magani ya lalata shi ya fi cancanta a zuƙe. Malam ya hau mota ɗazu bayan azahar. Ba ni da sauran wanda zan roƙa sai ke.

Gogo, ba gyambon ciki ba ne. Tsaga ƙirjinsa aka yi, aka sa masa ƙarfe a zuciya. Mun ɓoye miki, har da ni, kuma na ji kunyar hakan. In kina shakka, ki sa shi ya zauna kusa da ke a yi shiru, za ki ji abin yana bugawa kamar agogo. Maganin da yake sha ya hana jininsa daskarewa. In aska ta shiga bayansa, Dunoma ba zai iya tsayar da jinin ba, Kano kuma ta yi nisa. Ke kaɗai zai ji maganarki. Ki ce kin fasa, ba sai kin ba shi dalili ba.

Kafin ya fita ya rantse in labarin nan ya kai kunnenki ta bakina, a bakin aurena. Na san halinsa, zai cika. Na haɗa kayana tun ɗazu, na bar wa Shuhada, babbar 'yarmu, lokutan maganinsa a rubuce da yadda ake yi masa miya. Gogo, gara in bar gidan nan da takardar saki da in zauna cikinsa ina takaba.

Allah ya ja kwananki.

'Yarki,
Haula.